Likita ya ce ya gyara cin abinci, maigida ya ce an raina masa hankali

Assalamu alaikum Anti. Ina da damuwar da nake neman shawararki a kai. Maigidana ɗan kasuwa ne, shekarunsa 53, nauyinsa kilo 98, kuma tun safe yana zaune a shago har la'asar sakaliya. Kwanakin baya ya fara yawan fitsari da daddare, ga ƙishirwa, ga kasala, sai ƙaninsa ya matsa masa suka je asibiti. Aka tura shi wajen wani ƙwararren likita na cututtukan manya. Awo ya nuna jininsa ya hau, 156 bisa 96, gwajin da suke kira HbA1c kuma ya nuna 7.4, aka ce ciwon suga ne.

Likitan ya zaunar da shi kusan awa guda yana ta tambayoyi: me yake ci, ƙarfe nawa yake kwanciya, yana minshari ko ba ya yi, lemo nawa yake sha a yini, har da ko akwai abin da ke damunsa a kasuwa. Daga ƙarshe ya rubuta masa ƙwayoyi iri biyu masu araha, metfomin na suga da amlodifin na hawan jini, ya ce amma babban maganin yana hannunsa: ya rage gishiri da magi, ya bar lemo, ya riƙa tafiyar minti 30 kullum, ya rage kamar kilo 7, ya dawo bayan wata guda a sake auna jinin.

Alhaji ya dawo gida a fusace. Ya ce ya biya kuɗi ya bi layi, ba allura ba ƙarin ruwa, sai wa'azi. Yanzu kuma cewa yake tunda likita da bakinsa ya ce abinci ne magani, shi ba zai sha ƙwaya ba, don abokansa sun ce wanda ya fara ba ya dainawa, kuma wai tana rage wa namiji ƙarfi. Ya sayo wani ruwan magani a jarka wajen wani mai talla da ya ce yana raba mutum da suga cikin kwana 40, ga zuma yana sha safe da yamma. Ni kuma da na rage gishiri a miya, Hajiyarsa ta ce ina horar mata da ɗa da yunwa. Tukunya ɗaya muke yi da yara 6. Na rasa inda zan sa kaina. Anti, likitan nan ya san abin da yake yi kuwa?

Uwargida, daga Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah ya ba Alhaji lafiya, ya sa kaffara ne.

Tambayarki ta ƙarshe zan fara amsawa, domin sauran duk a kanta suka rataya. Likitan ya san abin da yake yi, ni a ganina ma kun yi dace. Irin wannan likita, bayan ya gama karatun likitanci, yakan sake shafe wasu shekaru a asibitin koyarwa yana ƙwarewa a kan cututtukan da ke kama manya a cikin jiki: zuciya, ƙoda, hanta, huhu, suga, hawan jini. Ba ya tiyata, ba ya karɓar haihuwa. Aikinsa shi ne ya zauna da mutum ya gano yadda wannan ciwo ya haɗu da wancan, da kuma abin da ke cikin rayuwar mutumin da yake hura wutar ciwon. Tambayoyin da suka ba Alhaji haushi, kowacce da dalilinta. Ki duba ta minshari. Akwai mutane, musamman masu jiki da kaurin wuya, da numfashinsu ke ɗaukewa na 'yan daƙiƙu a cikin barci, sau da yawa a dare ɗaya, ba su sani ba. Sai su tashi da ciwon kai da gajiya, su yi ta gyangyaɗi da rana, kuma wannan kaɗai yana iya hana jini sauka ko ana shan magani. Ke kin fi shi sanin amsar wannan tambaya, don haka ki lura da barcinsa, ki gaya wa likitan in kun koma. A asibitocinmu da layi ke kaiwa har bakin ƙofa, likitan da ya ba majinyaci kusan awa guda yana sauraronsa ya yi masa abin da mutane da yawa suke nema ba su samu.

Fushin Alhaji kuma na gane inda ya samo asali. Mun taso da cututtukan da ke zuwa su kwantar da mutum, a yi masa allura ko a ɗaura masa ruwa, bayan 'yan kwanaki ya miƙe ya koma kasuwa: zazzaɓin cizon sauro, amai da gudawa, taifod. Shi ya sa a wajen da yawa daga cikinmu, in ba a huda fata ba, ba a yi magani ba. Suga da hawan jini ba sa cikin wannan sahu. Sun ɗauki shekaru suna taruwa kafin a gano su, kuma zama ake yi da su ana lallaɓawa. Ruwan ledar da yake jin an hana shi, mafi yawansa ko dai ruwan gishiri ne ko ruwan sukari, wato abubuwa biyun da suka riga suka yi masa yawa. Da likitan ya ɗaura masa don ya faranta masa rai, da cutar da shi ya yi.

Bari in warware miki lambobin da kika kawo. Ana cewa mutum yana da hawan jini idan awonsa ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a ranaku daban-daban. Gwajin HbA1c kuma yana nuna matsakaicin sugan jini na wata 2 zuwa 3 da suka wuce, shi ya sa ba a iya yi masa wayo da ƙin cin abinci ranar gwaji. Daga 6.5 zuwa sama ciwon suga ne. Na Alhaji 7.4, jininsa 156 bisa 96. Abin bai kai na tashin hankali ba, kuma ba abin da za a yi wa riƙon sakainar kashi ba ne. A irin wannan mataki gyaran rayuwa ya fi yin tasiri, kafin ciwon ya taɓa ido ko ƙoda ko jijiyoyin ƙafa.

Maganar abinci da tafiya kuma an gwada ta a kan mutane, an ga sakamako. A Amurka an yi wani babban bincike da ya fito a 2002, a kan mutum fiye da 3,000 waɗanda sugansu ya fara hawa amma bai kai matakin ciwo ba. Aka raba su gida uku: wasu aka ba su metfomin, wasu aka ɗora su a kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, wasu kuma aka ba su ƙwayar da ba magani a cikinta don a kwatanta. Bayan kusan shekara 3, haɗarin kamuwa da ciwon ya ragu da kashi 31 cikin 100 ga masu shan metfomin, ga masu gyaran rayuwa kuwa da kashi 58. Kin ga inda lissafin kilo 7 ya fito ga mai nauyin kilo 98. A Birtaniya kuma, wani binciken da ya fito a 2017 ya duba waɗanda ciwon ya riga ya kama amma bai wuce shekara 6 da gano shi ba. Cikin waɗanda aka sa a tsarin rage ƙiba, kashi 46 cikin 100 sugansu ya sauka ƙasa da matakin ciwo bayan shekara guda ba tare da ƙwayar suga ba, cikin waɗanda suka rage kilo 15 ko fiye kuwa, kashi 86. Sai dai a ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya aka yi wannan, ana auna su a kai a kai, kuma ciwon lafawa yake yi. In ƙibar ta dawo, shi ma yakan dawo.

To ga inda Alhaji ya karkatar da maganar. Likitan bai ce abinci ya maye gurbin ƙwaya ba. A zama ɗaya ya faɗi gyaran abinci, a zaman nan ya rubuta ƙwayoyin, don tare yake so su yi aiki. Rage kilo 7 aikin watanni ne, jinin da ke kan 156 kuwa tun yau yake matsa wa jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ƙoda. Hawan jini ba ya sallama. Mutum yana iya jin kansa garau har ranar da ɓarin jikinsa zai shanye.

Cewar abokansa wanda ya fara ba ya dainawa, su ma ji suka yi. Ƙwayoyin nan ba sa kama jiki irin na kayan maye. Abin da ya sa ake daɗewa ana sha shi ne ciwon yana nan, in an ajiye maganin sai awo ya koma inda yake. Hanyar gaskiya ta rage ƙwaya ita ce wadda likitan ya nuna masa: nauyi ya sauka, awo ya yi kyau wata da watanni, likita ya duba ya ce a rage. Idan da gaske Alhaji ba ya son ƙwaya, to shi ya kamata ya fi kowa riƙo da tafiyar minti 30 da barin lemo. Kuma ba zan ɓoye miki ba, akwai waɗanda za su yi duk abin da aka ce, su rage jiki, amma su ci gaba da buƙatar maganin, musamman na hawan jini. Wannan ba gazawa ba ce, haka jikinsu yake.

Tunda yana son abin da ya fito daga tsiro, ki gaya masa metfomin ma asalinsa daga binciken wani tsiro ne mai suna galega da Turawa suka daɗe suna amfani da shi a gargajiyance, kuma tun 1957 wani likita a Faransa ya fara ba masu suga shi. Abin da ya raba shi da ruwan jarka shi ne an san abin da ke cikin kowace ƙwaya, an san yawansa, an san illarsa. Wadda aka fi gani ita ce murɗawar ciki ko gudawa a makonnin farko, shi ya sa ake shan sa tare da abinci. Amlodifin kuma ba da ka aka zaɓa masa shi ba. Wani bincike da Dokta Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka 6, ya fito a 2019, ya nuna haɗin magungunan da ke da amlodifin a ciki ya fi sauke jinin baƙar fata a kan haɗin da ba shi. Wasu yakan sa musu ɗan kumburin idon sawu. In ya ga haka ya koma ya faɗa, kada ya ajiye da kansa.

Batun ƙarfin namiji kuwa, ina kyautata zaton shi ne ya fi cin ransa ko da bai yawaita faɗa ba, kuma shi ne ke sa maza da yawa ajiye magani a ɓoye. Suga da hawan jini da aka bari ba kulawa suna kan gaba wajen kawo wannan rauni, domin suna lalata ƙananan hanyoyin jini da jijiyoyin da abin ya dogara a kansu. Akwai wasu magungunan hawan jini da kan taɓa wannan ɓangare ga wasu mazan, amma biyun da aka rubuta masa ba su aka sani da haka ba. In ya ga wani canji ya keɓe da likitan ya gaya masa, akwai abin da za a yi. Abin da nake gudu shi ne ya nufi masu tallar maganin maza a bakin tasha. Wannan magana ki yi masa ita a ɗaki, ku biyu, cikin taushin murya.

Ruwan jarkar nan shi ya fi tayar mini da hankali a duk wasiƙarki. Ba raina ilimin itatuwa nake yi ba, kuma ganyayyakinmu irin su zogale abinci ne mai kyau, a ci su a kwaɗo da miya. Amma babu wani magani, na asibiti ko na gargajiya, da aka tabbatar yana raba mutum da suga a kwana 40. Ba ku san me aka jiƙa a ciki ba, ba ku san ƙarfinsa ba, kuma jarkar yau da ta gobe ba lallai su zo ɗaya ba. Ƙodar mai suga da hawan jini tana cikin matsi tun asali, ita ce kuma za ta tace abin da ya sha. Ki tambayi duk iyalin da ke kai majinyaci wankin ƙoda sau 2 ko 3 a mako halin da suke ciki. Ko magungunan gargajiya masu lambar NAFDAC, in kika duba jikin kwalin za ki ga da yawa an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da aka yi ba, balle wanda ko takarda babu a jikinsa. Haka su diklofenak da ibufrofen da ake haɗa wa 'yan kasuwa a kemis in jiki ya yi tsami: suna ɗaga jini, suna wahalar da ƙoda, ya daina sha ba da sanin likita ba.

Zuma tana da darajarta a wajenmu da addininmu, ba mai musu. Sai dai mafi yawan abin da ke cikinta sukari ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa ta cikin sukarin da ake so a taƙaita. Cokali-cokali safe da yamma ga mai 7.4 ƙara wa ciwon ƙarfi ne.

Kada ki tsaya jayayya da shi a kan waɗannan, sai dai a ce kin cika baki. Ki nemo abin da zai yi magana a madadinki. Ku sayi na'urar awon jini ta damtse, da ƙaramar na'urar gwajin suga, da ɗan littafi. Alhaji ɗan kasuwa ne, ya san ba a gane riba ko faɗuwa sai an duba littafin ciniki, to jikinsa ma haka. Ya zauna ya huta minti 5, bayansa a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba bayan ya sha shayi ko ya ci goro ba, ya auna da safe da dare, a rubuta da kwanan wata. Sugan kuma ya gwada kafin karin kumallo, wata rana kuma awa 2 bayan cin abinci. Ranar da ya cika ciki da tuwon shinkafa ya gwada, ranar da ya ci wake da ganye ya yi tattaki ya gwada. Lambar da ya gani da idonsa za ta shige shi fiye da maganarki da ta likita.

Yanzu mu koma kan girki. Kada ki raba tukunya. Girki biyu kullum zai gajiyar da ke, shi kuma ya ji an ware shi, cikin wata guda a watsar. Abin da likita ya ce ya ci shi ne ya dace da ku duka, ballantana 'ya'yan mai suga sun fi sauran yara haɗarin samunsa in sun girma.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai gram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da wanda ke ɓoye a burodi, taliyar yara, tsire da yaji. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, don haka wadda ta rage gishiri ta ƙara magi ba ta rage komai ba. Kanwa ma danginsu ce, sinadarin da ke ɗaga jini a gishiri yana cikinta, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Ina jin abin da ya faru a gidanki shi ne an rage a tashi ɗaya, miya ta yi lami, Hajiya ta ɗanɗana ta yi magana. Ki bi a hankali. In dunƙule 6 kike sakawa, wannan makon ki sa 5, bayan mako 2 ki koma 4, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Gurbin da aka bari ki cike shi da daddawa, da albasar da kika soya har ta yi ja, da tafarnuwa, citta, masoro, kimba, ɗan garin busasshen kifi, in kwaɗo ne ki matsa masa lemon tsami. Miyar kukar da ta ji daddawa da kifi ba ta neman magi da yawa.

Tuwo ba a hana shi ba, girman malmalar ne abin dubawa. A farantinsa rabi ya zama ganye da kayan lambu, su alayyahu, zogale, rama, kabeji, kuɓewa, yalo. Kwata ya zama kifi ko nama ko wake ko ƙwai, ɗaya kwatar tuwo ko shinkafa kamar dunƙulen hannunsa. Gero da dawa da acca, musamman waɗanda ba a surfe su sun yi fari tas ba, sun fi farar shinkafa da fulawa, wake kuma yana riƙe ciki ba ya ɗaga suga da sauri. Akwai maganar da ta yaɗu cewa mai suga ya koma tuwon alkama ya ci iya cinsa. Alkama ma suga take komawa a jini kamar sauran hatsi, malmala 2 ta alkama ba ta fi malmala 1 ta dawa alheri ba. Ma'aunin nan da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya koyar, sulusin ciki ga abinci, sulusi ga abin sha, sulusi ga numfashi, Alhaji ya san shi tun yana ƙarami, kuma ta nan zai fi saurin karɓar maganar.

Sai dai ki sani, da yawa daga abin da ke cutar da shi ba daga tukunyarki yake fitowa ba. Daga safe zuwa la'asar yana kasuwa: shayi mai kauri da madarar gwangwani da burodi, lemo mai sanyi duk lokacin da baƙo ya shigo shago, da rana shinkafa cike da faranti. Kwalbar lemo ta rabin lita takan ƙunshi sukari wajen gram 50, fiye da ƙaramin cokali 10, kuma lemon malt da ake ɗauka na ƙarin jini ne shi ma cike yake da sukari. Idan abu ɗaya kawai zai iya bari a wannan watan, to ya bar lemo. Ki riƙa haɗa masa abincin rana a kula, da gorar ruwa ko zoɓo marar sukari da kika sa wa citta da kanumfari.

Tafiyar kuma ba sai ya sayi kayan 'yan wasa ba. Abin da ake nema minti 150 ne a mako, tafiya mai ɗan sauri wadda zai iya magana a cikinta amma numfashinsa ya ɗan ɗaga. Ana iya raba ta, minti 10 bayan kowane cin abinci, wanda ma yake taimakawa wajen sauke sugan da ke tashi bayan ci. Ya taka zuwa masallacin da ya ɗan fi nisa da Asuba ko Isha'i, ya ajiye mota nesa da shago, ya daina aiken yaro abin da zai iya tashi ya ɗauko. Ya sa takalmin da ba ya matse shi, ku riƙa duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu, domin ɗan ƙaramin rauni a ƙafar mai suga ba a barinsa ya kwana ba kulawa. In yana daɗewa a hirar dare, ita ma a rage, ya samu barcin awa 7.

Hajiya uwa ce, kuma a idon iyayenmu ɗan da ya rame ɗan da ba a kula da shi ne, tumbi kuwa alamar hutu. Tsoro take ji wa ɗanta. Ba ke za ki yi mata bayani ba, don daga bakin suruka zai zama gardama. Ƙanin nan da ya kai shi asibiti shi za ki nema. Ki ce ya zauna da Hajiya ya gaya mata abin da likita ya gani, ya kuma sanar da ita tun yanzu cewa Yaya zai rage jiki da gangan bisa umarnin likita, don kada ranar da riga ta fara yi masa yawa a ce ke ce. In an sayo na'urar a auna ta ita ma, a shekarunta ya kamata a san awon jininta. Uwar da ta ga lambar ɗanta da idonta, sau da yawa ita ke komawa mai tsare shi.

Ke ma kada ki ɗauki kayan nan ke kaɗai. Za ki iya gyara miya, amma ba za ki iya haɗiye masa ƙwaya ko taka masa ƙafa ba. Mutumin da aka gaya wa yana da ciwo biyu masu daɗewa a rana ɗaya, fushinsa yawanci fargaba ce. Kada ki riƙa sa masa ido a faranti ko yi masa gyara a gaban yara. Ki samu lokacin da ransa yake kwance ki roƙe shi ya ajiye jarkar, ya sha ƙwayoyin yadda aka rubuta har ranar komawa asibiti, ya kuma yarda ki raka shi.

In kika ga bakinsa ya karkace, ko hannu ko ƙafa ɗaya ta yi nauyi, ko maganarsa ta sarƙe, ko ciwon ƙirji mai danna shi haɗe da gumi, ko numfashi ya yi masa wuya, a tafi asibiti nan take ko tsakar dare ne, kada a tsaya shafa mai ko jiran gari ya waye. Ranar komawa ku tafi da littafin awon, da kwalayen duk abin da yake sha, har jarkar, likitan ya gani. Ku tambaye shi gwajin ƙoda da na fitsari, da na kitsen jini, da duba ido, waɗanda mai suga yake buƙata a kai a kai, yawanci sau ɗaya a shekara. Ku kuma tayar da maganar azumi tun saura wata 1 ko 2 Ramadan, domin lokutan shan ƙwayoyin za su canza, kuma likitan ne zai faɗa masa awon sugan da in ya gani dole ya karya azumin ranar.